Tsufa a gida: ƙa'idojin kuɗin tallafi da dattawan Komadugu



Ranar 1 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tsofaffi ta duniya, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1990. A irin wannan rana magabata kan yi jawabi, a yaba wa iyaye da kakanni, wani lokaci a raba ɗan abin masarufi, sa'an nan taro ya watse. To amma shekara kwana 365 ce. Abin da za mu tattauna yau shi ne sauran kwanakin: kuɗin da ke shiga jahar Difa da sunan taimakon talaka, waɗanne ƙa'idoji ne ke tafiyar da su, kuma yaya aka yi ƙa'idojin nan suke tsallake dattijo da dattijuwar da ba su nemi kome ba illa su ƙarasa kwanakinsu a ɗakinsu, tsakanin mutanen da suka san su.

A ƙasar nan ba mu da al'adar kai tsoho gidan ajiye tsofaffi. Wanda ya yi wa mahaifinsa haka, ko a kasuwa ba zai iya ɗaga kai ba. Gida shi ne fanshon talaka, ƴaƴa da jikoki su ne asusunsa. A bakin kogin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, wannan asusu yana da abin da ke cika shi. Kogi ya kawo ruwa, a dasa tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya, a noma shinkafa, a kama kifi a banda shi, a kai kasuwannin Nijeriya. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare yana da gona, ɗansa ko ɗan ƙanensa yana noma ta, ana fitar masa da rabonsa. Tsohuwa tana tsinkar tattasai gwargwadon iyawarta, tana renon jikoki, matar ɗanta kuwa tana ɗebo mata ruwa tana dafa mata abinci. Babu ministan da ya sa wa wannan tsari hannu, amma shi ya riƙe dattawan kwarin nan shekara da shekaru.

A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da garin Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita sayar da takin zamani da man injinan ban-ruwa. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Harin Boso na Yunin 2016 ya sake tarwatsa dubban jama'a, suka zube a bakin babbar hanya, a wurare irin su Ngagam da Kinjandi da Garin Wanzam. Jahar da ƙidayar 2012 ta samu mutanenta ba su kai 600,000 ba, sai ga ta ɗauke da wajen mutum 250,000 da suka rasa matsuguni, ƴan gudun hijira daga Nijeriya da ƴan ƙasa. Daga baya an ɗage wasu daga cikin hane-hanen, tattasai ya dawo kasuwa, kuma a Yunin 2021 aka fara mayar da mutane garuruwansu, aka soma da Barwa. Amma ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 sun rusa gidaje sun cinye gonaki, samari da yawa kuma sun bazu neman abinci. Asusun da muka ambata ya huje. Saboda haka a Difa maganar tsufa a gida fuska biyu gare ta: akwai tsohon da gidansa yana nan amma babu mai kula da shi, akwai kuma wanda gidan kansa ne ya rasa.

Ba za mu ce ba a kawo agaji ba, wannan butulci ne. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun ciyar da mutane, sun haƙa rijiyoyi, sun buɗe sansanin Sayam. Bankin Duniya ya ware dalar Amurka miliyan 80 a 2018 domin shirin PARCA na tallafa wa ƴan gudun hijira da masu masaukinsu, kuma Difa na cikin jahohin da aka nufa. Hukumar HCR ta haɗa kai da komin-komin na jahar aka yanka filaye aka ba iyalai. Sai dai kowane kuɗi yana zuwa da ƙa'idarsa, ƙa'idar kuwa ita ce ke cewa wane zai samu, wane zai kalla. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'ida ta farko ita ce gida ake ƙirgawa, ba a ƙirga mutum. Shirin tallafin gwamnati na raba kuɗi ga mabuƙata, wanda aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, ya riƙa ba gida jika 10 a wata har tsawon wata 24, daga baya shirin Wadata Talaka ya kai shi jika 15. Kuɗin a hannun matar gida ake sa su, kuma gargaɗin da ke biye da su ya fi karkata ga lafiyar yara da cimarsu. Wannan abin yabo ne. Amma mu dubi yadda ake zaɓen gidajen. Mai bincike ya zo da takardarsa, ya tambayi bakuna nawa, dabbobi nawa, rufin ɗaki na mene ne, a kai amsoshin a yi lissafi. Tsohuwar da ke zaune gidan ɗanta baki ɗaya ce cikin bakuna goma sha biyu, babu layin da ya tambayi ko tana gani, ko tana iya tashi. Wadda ke zaune ita kaɗai da jika ɗaya kuwa, sau da yawa lissafin yakan nuna gidanta ya fi babban gida sauƙi, tunda bakunan kaɗan ne. Ga shi ta fi kowa buƙata, ga shi takarda ta ce tana da dama-dama.

Ta biyu ita ce aiki kafin kuɗi. Furoje da yawa sun fi son a biya mutane ladan aikin gayya: kafe tuddan rairayi a yankin Maine-Sorowa da Gudumariya, gyaran ƙasa, ɗaga ganuwar tare ruwa. Hikimar a fili take, a samu aiki a samu abinci. To mai shekara 75 da ciwon gwiwa fa? In yana da ɗa mai ƙarfi, ya ci albarkacinsa. In ba shi da shi, sai abin da aka keɓe wa marasa ƙarfi, in an keɓe, kuma shi ne kaso mafi ƙanƙanta. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne matar da ta kwana ta yini tana jinyar surukinta, tana wanke shi tana juya shi a shimfiɗa. Ba ta iya barinsa ta tafi wurin aiki, kuma a idon furoje abin da take yi ba aiki ba ne.

Ta uku ita ce takarda da zuwa da ƙafa. Akasarin dattawan ƙauye an haife su ne lokacin da takardar haihuwa ba ta isa ƙauye ba. Wanda ya samu katin ɗan ƙasa ma, sau da yawa ya bar shi a ɗakin da ya gudu ya bari. Inda ake ɗaukar zanen yatsa, yatsan da ya shekara sittin yana riƙe da hauya ba kullum na'ura ke karanta shi ba. In an wuce wannan, sai layi cikin rana, sai ɗaukar buhu, sai kuɗin amalanke. Akwai ma'aikatan agaji masu imani da ke shigar da tsoho gaba, Allah ya saka musu. Amma abin da ya dogara ga halin ma'aikaci yana tafiya ranar da aka sauya ma'aikacin.

Ta huɗu, wadda ma'aikatan gwamnati suka fi kowa saninta, ita ce bambancin kuɗin gini da kuɗin hidima. Mai ba da tallafi yana son abin da za a aza wa allo a ɗauki hoto: ɗakin karatu, famfo, rumfar kasuwa. Abin da ke riƙe tsoho a gidansa kuwa ba ya ɗaukar allo. Ƙwayar hawan jini ce ta kowane wata, da mai leƙo shi sau biyu a mako, da kuɗin mota zuwa gidan likita, da gyaran rufin ɗaki kafin damina, da aikin yanar ido wanda ke maido wa mutum ganinsa ya daina zama kaya. Duk waɗannan hidima ce mai maimaituwa, kuma ita ce ake fara yankewa in ana tsara kasafi. Ga kuma wa'adi. Furoje shekara ɗaya ne ko biyu ko uku. Hujjar wata 24 ita ce gida ya samu jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan hujja tana aiki ga mai shekara talatin. Mai shekara tamanin kuwa, bayan wata 24 ya ƙara tsufa ne da wata 24.

Kada mu ɗora laifin duka a kan baƙi. Namu ƙa'idojin ma haka suke. Tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine a Yulin 2023, ya ɗora wa gwamnati kula da tsofaffi a aya ta 25. A 2011 an amince da manufar ƙasa ta kare marasa galihu, kuma an ambaci tsofaffi a cikinta. Amma magani kyauta da aka kafa a 2005 da 2006 ya shafi fiɗar haihuwa, da awon ciki, da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Tsoho ba ya ciki. Rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi da aka fara a Satumban 2024 ya sauƙaƙa wa kowa, har da dattawa, sai dai rabin da ya rage yana da nauyi ga wanda ba shi da ko dala. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne, ko na gwamnati ko na kamfanin da ke zuba wa ma'aikatansa kuɗi a asusun CNSS. Manomin tattasai da masunci da makiyayi, waɗanda su ne jama'ar Komadugu, babu sunansu a can.

Wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar wannan tambaya, kuma ba laifi mu ga yadda suka tsara nasu. A Amurka, dokar tsofaffi ta 1965 ta sa gwamnatin tarayya tana raba wa jihohi kuɗi gwargwadon yawan masu shekara 60 zuwa sama, jiha ta ƙara nata kaso, sa'an nan a biya ƙungiyoyin unguwa masu kai wa tsoho abinci har gida ko su kai shi asibiti. A Faransa, tun 2002 akwai alawus da ake kira APA: ma'aikata su zo gidan tsoho su auna abin da yake iya yi wa kansa, a tsara masa taimako, kuma yana iya ɗaukar ɗan'uwansa ya biya shi da kuɗin, in ban da mijinta ko matarsa. Za a ce ai waɗannan masu arziki ne. To Lesoto fa? Tun 2004 take biyan fansho ga masu shekara 70 daga baitulmalinta, Zanzibar ma ta bi sahu a 2016. Akwai kuma darasi daga Senegal, wadda ta kafa magani kyauta ga masu shekara 60 a 2006 da sunan shirin Sésame, amma jinkirin biyan asibitoci ya jawo bashi ya taru har shirin ya yi rauni. Mu ma mun ga irin wannan bashi a maganin yara kyauta. Alkawarin da ba a tanadar masa asusu ba, gidan likita ne ke biyan kuɗinsa.

Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi a Janairun 2016, ta fara aiki a 2024. Cikin abin da ta nema daga ƙasashe akwai ƙarfafa wa iyalan da ke kula da tsofaffinsu a gida, da raya hanyoyin taimako na gargajiya, da fifita tsofaffi wajen agaji lokacin yaƙi ko bala'i. Kamar da Difa aka rubuta ta.

To ina mafita? Ra'ayinmu shi ne a sauya ƙa'ida yadda kuɗi za su bi tsoho zuwa ɗakinsa, su kuma bi hannun da ke kula da shi. Da farko kowace komin ta yi rajistar dattawan da ba su iya yi wa kansu hidima, mutum-mutum da sunansa, ko yana gidan ɗansa ko yana shi kaɗai, ko ɗan gari ne ko wanda gudu ya kawo. Bulama da liman da matan unguwa sun san su sarai. A karanta sunayen a bainar jama'a, domin wanda aka manta a tuna da shi, wanda aka cusa kuma a fitar da shi. Wanda ba shi da takarda, shaidar bulama da mutum biyu ta ishe shi kafin alƙalai masu zagayen ba da takardun haihuwa su iso, kuma ya samu damar naɗa wakilin da zai karɓar masa, a rubuta sunan wakilin, a riƙa leƙawa ana tabbatar da saƙo ya isa.

Na biyu, a ƙidaya jinya a matsayin aiki. In furoje yana biyan mutum ladan yini don ya dasa ciyawa a kan tudu, babu dalilin da zai hana a biya ladan yini ga matar da ke riƙe da tsohon da ba ya tashi. Masu sa kai na ƙauye da ke bin yara gida-gida don zazzaɓi da tamowa, a ƙara musu horo da ɗan alawus su riƙa auna jinin dattawa, su sanar da gidan likita in sun ga abin tsoro.

Na uku, a samo tushen kuɗi na gida wanda ba ya ƙarewa da ƙarewar furoje. Rufe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 ya isa gargaɗi ga mai dogara da tukunyar wani. Jahar Difa ba matalauciya ba ce a ƙarƙashin ƙasa. Daga Agadem ake haƙo man da matatar Damagaram ke tacewa tun 2011, daga can kuma bututu ya tashi zuwa gaɓar tekun Benin. Dokar man fetur ta tanadi kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shigar mai domin ƙananan hukumomin jahar da ake haƙo shi, ko da yake an sha kuka da jinkirin zuwansu. Abin da muke nema shi ne a rubuta a ƙa'idar kashe waɗannan kuɗi, da ta kuɗin da hukumar ANFICT ke tura wa komin-komin, cewa wani ɗan kaso tsayayye na hidimar dattawa ne, kuma an yarda a kashe shi a hidima mai maimaituwa. Mu yi lissafi na misali. A ce komin tana da dattawa 300 a rajista, kowanne jika 10 a wata. A shekara ya kama sefa miliyan 36. Ƴan kasuwa sun san motar tattasai nawa ke nan. Dattawa a ƙasar nan ba su kai kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, marasa ƙarfi daga cikinsu kuwa sun fi haka ƙaranci. Ƙarancinsu ne ya sa ake mantawa da su, kuma ƙarancin nan ne ya sa ɗaukar nauyinsu bai fi ƙarfinmu ba.

Na huɗu, kada komin ta sa hannu a furojen dattawa sai an rubuta wanda zai ɗauka in baƙo ya tafi: shekarar farko mai tallafi ya ɗauki kaso mafi yawa, kowace shekara nasa ya ragu na komin ya ƙaru. Kuma a liƙa lissafin a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta shi a rediyon gari da Barbarci da Hausa da Fulatanci. Tun da aka rusa majalisun komin a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, babu kansilan da talaka zai tare a hanya ya tambaya, saboda haka bayyana lissafi ya ƙara zama wajibi.

Mun san abin da za a ce. Wani zai ce kusan rabin ƴan ƙasar nan yara ne, su ya kamata a fara dubawa. Gaskiya ne, amma a je Ngagam ko unguwannin bayan garin Difa a ga wa ke riƙe da marayun da rikicin nan ya bari. Kakanni ne. Abin da ya shiga hannun kaka, a bakin jika yake ƙarewa. Wani kuma zai ce in aka fara biyan jinya, zumunta za ta koma ciniki. Jika 10 ba ta sayen haƙurin da ake yi da tsoho mai ciwo. Abin da take yi shi ne ta hana ɗan ƙarshe da ya rage a gida ɗaukar jakarsa ya tafi, ta hana matar gida zaɓe tsakanin maganin surukarta da abincin ƴaƴanta. Yunwa ce ke kashe zumunta, tallafi ba ya kashe ta.

Ya ku ma'aikata, ku ne ke rubuta sharuɗɗan nan, ku ne ke zama da masu ba da tallafi a Yamai da Difa. Layi ɗaya da za ku ƙara a takardar bincike, mai tambayar ko akwai tsohon da ba ya iya tashi a gidan, yana iya sauya rabon mutum dubu. Da yawanku kuna da uwa ko uba a ƙauye, kun san abin da ƙarshen wata ke nufi gare su. Ya ku ƴan kasuwa, ribar tattasai da kifin da ta gina shagunanku daga hannun waɗannan dattawa ta fito, lokacin da suke da ƙarfi. Zakka da sadakar azumi kuna fitarwa, Allah ya karɓa. Amma ciwo ba ya jiran azumi. In ƙungiyar ƴan tattasai ta aza ɗan abu kaɗan a kan kowane buhun da ya fita kasuwar Talata, aka zuba a asusu mai rajista da masu sa ido, dattawan unguwa guda ba za su rasa magani ba duk shekara, kuma komin za ta ji kunyar zuwa hannu sake.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke rubuta ƙa'ida yau, ko yana auna tattasai a kasuwa, in Allah ya ja kwanansa shi ne gobe zai zauna a ƙofar ɗaki yana sauraren ko wani zai leƙo. Ƙa'idar da ya tsara wa dattawan Komadugu ita zai tarar.

Allah ya ba jahar Difa zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.